Yadda muke ciyar da ƙananan yara a wajen walima

Uwar yara biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk lokacin da muka halarci walima, ɗana mai shekara 3 yakan cika cikinsa da alewa da lemon kwalba kafin a kawo abinci, idan mun dawo gida kuma ya ƙi cin komai, ya yi ta rigima har dare. Ina roƙon waɗanda suka taɓa fama da haka su gaya mana yadda suka yi.

Wata uwa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ni na daina jiran lokacin da masu gayya za su raba abinci, domin yakan wuce lokacin da yaro ya saba ci. Ina ciyar da 'yata a gida kafin mu fita, in saka ayaba da ruwa a jaka, kuma na lura idan ta ƙoshi ba ta rububin kayan zaƙi.

Wani uba: Abin da ya fi tsorata ni shi ne shaƙewa. Ɗana yana da shekara 2 lokacin da aka miƙa masa inabi yana cikin guje-guje, ƙwaya ɗaya ta maƙale masa a maƙogwaro, ba tari ba kuka, sai da na kifa shi a cinyata na bubbuga bayansa sannan ta fito. Har yau idan na tuna gabana yana faɗuwa. Tun daga ranar nake tsaga inabi a tsaye gida huɗu, ba na barin a ba yaron da bai kai shekara 5 ba ƙwayar gyaɗa ko gugguru ko alewa mai tauri, kuma ba ya cin komai sai a zaune.

Wata kaka: 'Ya'yana, ni da nake yawan shirya wa jikoki walima, ina tambayar kowace uwa tun da wuri abin da jikin ɗanta ba ya so, saboda na taɓa ganin leɓɓan yarinya sun kumbura bayan ta ci kek mai ƙwai. Jaririn da bai cika shekara 1 ba kuma ba a ba shi zuma. Dafaffen abinci ba na barinsa a ajiye, ba a kan wuta ko cikin firji ba, fiye da awa 2, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara.

Uwar yara biyu: Na gode Hajiya. Saura in san yadda zan hana baƙi cusa masa alewa ba tare da na ɓata musu rai ba.