Hutun ma'aurata a tsibirin Zanzibar na Tanzaniya: abin da 'yan'uwa suka ce

1. Kusan kowa ya zaɓi Nungwi, can arewacin tsibirin, saboda ruwan ba ya janyewa sosai. A Paje kuwa, da ke gabashin tsibirin, teku kan ja baya, sai an taka da nisa kafin a jiƙa ƙafa.

2. A fita bayan Asuba, iska na da sanyi. Rana tsaka a nemi inuwa.

3. Abinci ba matsala, galibin mutanen Musulmi ne. Gasasshen kifi da shinkafar kwakwa suka fi shan yabo, kuma sun cancanta.

4. An rabu kan shiga jirgin katako da yamma: wasu sun ce kada a rasa, wasu suka ce a fara tambayar uwargida, don kaɗawar ruwa na kawo jiri.