Dan Allah wane kaya ya dace sabon ɗan afiliyet ya fara tallatawa daga nan Garwa?

Sani_Garwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni a wannan harka ta afiliyet, wato dillanci ta intanet, ka tallata kayan wani da link ɗinka in an saya a baka la'ada. Ni a Garwa ta Kamaru nake, na gama bak, wato jarabawar ƙarshen sakandare, ina jiran konkur, wato jarabawar gasar shiga babbar makaranta, waya ce kawai dani ba kwamfuta, sai gurup na WhatsApp na 'yan unguwa da tsoffin 'yan ajinmu da kuma shafin Facebook da ake ɗan bina. Matsalata kayan sunyi yawa, wannan yace ClickBank, kasuwar dillancin intanet ta Amurka, tunda la'adarsu tana kai 75%, wancan yace Amazon, abokina na Mubi yace Selar kawai, dandalin sayar da kwas da littattafai na Najeriya, ga wasu kuma suna ta turo min saƙo wai in biya kuɗin shiga tukunna sannan su bani link. Jarina ɗan kaɗan ne bana so in ƙona shi a data. Me kuke dubawa kafin ku ɗauki kaya?

Habu_Marwa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ajiye maganar kashi nawa za'a baka tukun, ba nan ake farawa ba. Tambaya biyu zaka yiwa kowane kaya: mutanen da ke jin maganata da me zasu biya, ni kuma ta wace hanya kuɗina zai iso hannuna a Garwa. In ɗaya ta gagara amsa to ka wuce ko da 90% ne.

Dubi mutanen gurup ɗinka, nawa ne cikinsu ke da katin Visa? Kusan kowa asusun kuɗi na waya, Orange Money ko MTN MoMo, yake riƙe dashi. Kayan ClickBank yawanci da turancin Ingilishi ne, da dalar Amurka, an yi su ne don mutumin Amurka mai neman rage ƙiba ko horar da kare, kai kuma mutanenka Hausa da Fillanci da Faransanci suke ji, kaga ko sun danna link ɗin a shafin biya zasu tsaya. Sannan suna da tsarin mayar da kuɗi, galibi kwana 60, in mai saye ya karɓi kuɗinsa la'adarka ma ta koma. Amazon kuma la'adarsu ƙarama ce sosai kuma awa 24 kacal link ɗinka ke riƙe mutum, mu nan da mutum zai ga abu yau sai ƙarshen wata in albashi ya shigo ko ya sayar da albasa zai saya, wannan awa 24 ɗin ba namu bane.

Ɓangaren karɓar kuɗi shine inda yara da yawa ke kuka. PayPal ya shigo Kamaru a 2014 amma na aikawa ne ba na karɓa ba, to duk kamfanin da yace ta PayPal kaɗai yake biya kar ka fara ma. Nemi wanda ke biya ta Payoneer, wani kamfanin karɓar kuɗi daga waje, ko banki ko kai tsaye ta MoMo, kuma ka karanta adadin da sai ka tara kafin su sake maka, akwai masu cewa sai dalar Amurka 50 ko 100, kana iya yin wata da watanni kuɗinka na rataye kana gani baka iya taɓawa.

Ni a ganina sabon shiga ya fara da ƙaramin kaya na sefa 3,000 zuwa 10,000 wanda ke magance damuwar da mutanensa ke ciki yanzun nan. Kai ɗalibai ne a hannunka, me ke hana su barci? Probatuwar (jarabawar da ake yi kafin bak) da bak da konkur na ENS Marwa (makarantar horar da malamai) da ENAM (ta ma'aikatan mulki da alƙalai), ga masu shirin TCF, jarabawar Faransanci, don tafiya Kanada. Kwas ko PDF mai tsoffin tambayoyi da gyara mai kyau, a ce sefa 5,000 ne la'ada 40%, 2,000 kenan a kowane mutum, mutum 10 jaka ashirin. Ba kuɗin sayen mota bane amma kuɗi ne da zaka cire a kiyos ɗin bakin titi ranar, sai dai ka tuna da harajin 0.2% da aka sa kan turawa da cirewa tun 2022 da kuɗin cirewa na kamfanin waya. Kuma kasan irin wannan kaya yana da lokacinsa, na probatuwar da bak daga Maris zuwa Yuni yake ci, bayan jarabawa kasuwa ta mutu sai ka sami na biyu.

Maman_Iklima:

Sannu Sani. Duk abinda Malam Habu ya faɗa haka ne, ni abu ɗaya zan ƙara kuma wlh shi yafi damuna. Kar ka tallata abinda baka buɗe da idonka ba. Ni a Ngaundare mata nake sayarwa kwas na cincin da kek da haɗa sabulun ruwa da humra, kuma duk wanda zan ɗauka sai na saya ko na roƙi mai shi ya buɗe min na kalla daga farko har ƙarshe, saboda waɗanda zasu saya gobe zan haɗu dasu a gidan suna, in kwas ɗin shirme ne ba mai kwas za'a zaga ba ni za'a zaga, shi yana Duwala ko Kwatano abinsa.

Abubuwan da nake dubawa: bidiyon yana da nauyi? in darasi ɗaya zai cinye data na sati to matanmu baza su gama ba, ga wuta da rezo, wato sabis na waya, yadda suke. Ana iya saukewa a kalla ba intanet? Kayan haɗin da aka ambata ana samunsu a kasuwarmu ko sai an aika Yawunde? Mai kwas yana amsa saƙo? Tura masa tambaya kamar kai mai saye ne ka ga kwana nawa zai yi, yadda ya maka haka zai yiwa mutanenka. Kuma in kwas na Faransanci ne nakan yi bayanin da murya da Hausa ko Fillanci a status, wannan muryar ita ke sayarwa ba hoton ba.

Abakar_Njamena:

Yaya Habu ka yi haƙuri ban yarda da kai duka ba. Ƙaramin kaya na gida yana da kyau don koyon hannu amma gurup ɗin mutum ƙarewa yake, in ka sayarwa kowa sau ɗaya wata mai zuwa wa zaka sayarwa? Shi yasa nake ganin tun farko ya haɗa da kaya guda mai biyan wata wata, irin manhajar tura imel da gina shafin sayarwa kamar Systeme.io ta Faransa, wadda la'adarta ke maimaituwa muddin mutum na biya. Misali a ce manhaja yuro 20 ce a wata ana baka 30%, yuro 6 kenan, kuma tunda sefa a ɗaure take da yuro, 1 daidai 655.957, kusan 3,900 ne duk wata daga mutum ɗaya ba tare da ka sake magana ba. Wannan ɗaurin ma riba ce gare mu, abokinka na Mubi tambaye shi abinda ya sami naira tun 2023. Selar ba laifi, akwai kwasa-kwasai har da na Hausa kuma da sefa a hannu suna zuwa da sauƙi, amma in la'adarka da naira ce to ka lissafa abinda zai rage bayan ɗan canji ya cire nasa.

Gaskiya dai mai sayen irin wannan manhaja ba ɗalibi bane, mai shago ne ko mai koyarwa da ya riga ya fara samu, kuma sai da kati, don haka a hankali yake tafiya.

Wani abu kuma, kar ka dogara da dandali ɗaya. Mu nan Cadi an rufe mana WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 har Yuli 2019, wanda ya ajiye lambobin kwastomominsa a littafi shi ya cigaba da ciniki ta kira da Airtel Money.

Malam_Kusiri:

Ɗana, dillanci sana'a ce halal tun kaka da kakanni matuƙar kayan halal ne kuma ba'a rufi mai saye ba. Amma waɗannan da kace sai ka biya kuɗin shiga, tambaye su: in an cire maganar kawo mutane me ya rage ana sayarwa? In kwas ɗin abinda yake koyarwa kawai shine yadda zaka sayar da shi kwas ɗin ga wani, to kuɗin na ƙasa ne ke hawa sama, ranar da sabbi suka daina shigowa 'yan uwanka da ka jawo su ne da asara. Haka link na caca da masu alkawarin ninka kuɗi da kirifto, la'adarsu tafi ta kowa tsoka amma ka nisance su. Kuma ka riƙa gayawa mutane a fili cewa in sun saya ta hannunka kana da la'ada, ba ya rage ciniki.

Sani_Garwa:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Malam in sha Allah na bar waɗancan. Zan fara da na konkur tunda nima ina ciki zan gane mai kyau da marar kyau. Yaya Habu saura tambaya ɗaya, akwai wani malami a nan da yake sayar da PDF nasa ta WhatsApp amma bashi da tsarin link, ya zanyi in tabbatar da wanda ya saya ta hannuna?

Habu_Marwa:

Ku zauna ku yanke la'adar a rubuce a saƙo kafin ka fara. Sannan ko dai mai saye ya turo kuɗin a lambarka ka cire naka ka tura masa sauran shi kuma ya aika PDF, ko ya baka kalma ta musamman kamar SANI da duk wanda ya ambata za'a rage masa 500, kaga kowa zai ambata don ragin, kai kuma ka riƙe sikirinshot na kowane biya. Ku riƙa lissafi duk Juma'a kar ku bari ya taru. Kuma ka tabbatar shi ya rubuta gyaran da kansa ba na wani ya kwafo ba, ka nemi shafi biyu ko uku kyauta da zaka nuna a gurup.