Endowment: wakafi za mu ce ko uwar kuɗi?

Tafinta: Salamu alaikum. Ana fassara tarihin Gidauniyar Ford, an cije a kalma ɗaya, wato endowment. Edsel Ford ya kafa gidauniyar a 1936 da dala 25,000. Da ya rasu a 1943, mahaifinsa Henry ya bi shi a 1947, sai hannun jarin kamfanin motar da suka bari ya mayar da ita gidauniya mafi ƙarfi a zamanin. Wannan dukiyar da ake juyawa ana ciyarwa daga cikinta, me za mu kira ta? Asusu ya yi mata kaɗan.

Malamin makaranta: Wa alaikumus salam. Ai wakafi ne. An tsare asali, ana cin moriya.

Akanta: Allah gafarta Malam, akwai gyara. Bahaushe in ya ji wakafi, gida yake gani ko gona ko rijiya, abin da aka ce kada a sayar. Ita kuwa Ford tun 1956 ta fara sakin hannun jarin nan a kasuwa, zuwa 1974 ko ɗaya bai rage a hannunta ba, ta zuba kuɗin a wasu wurare. Ga kuma dokar harajin Amurka: dole irin wannan gidauniya ta fitar da kimanin kashi 5 cikin ɗari duk shekara, kuma da darajar dukiyar gaba ɗaya ake lissafi, ba da riba ba. Mai dala biliyan 16 sai ta fitar da miliyan 800. In kasuwa ta kawo kashi 2 kawai a shekarar, ragowar ukun daga jikin uwar za a yanko. Shi ya sa in kasuwa ta faɗi sai ka ji an rage tallafi bayan shekara ɗaya ko biyu, masu karɓa suna ta tsammanin laifi suka yi.

Malamin makaranta: Na karɓa. Kuma akwai takardun bashi masu kuɗin ruwa a ciki, bai kamata mu lulluɓe su da rigar addini ba.

Tafinta: To jari fa?

Akanta: Jari na mai jiran riba ne a aljihunsa. A nan iyalin Ford ba sa karɓar ko sisi. Ni uwar kuɗi nake gani, duk ɗan kasuwar Kantin Kwari ya san bambancin uwa da riba, ya kuma san ana iya cinye uwa. Gidauniyar Gates ma a 2025 ta ce za ta kashe tata duka ta rufe a 2045. Wa ya taɓa jin wakafin da ya sa wa kansa ranar cinyewa?

Edita: Hajiya Akanta ta kawo hujja. A ambaton farko a rubuta "uwar kuɗin gidauniya", daga nan "uwar kuɗi" kawai. Shi kuma grant a bar shi a tallafi, kada a ce kyauta, don akwai yarjejeniya da kasafi da rahoto. Kuɗin da gidauniyoyin Ford da Rockefeller suka kafa cibiyar binciken noma ta IITA da su a Ibadan a 1967 tallafi ne, daga uwar kuɗi ya fito.