Wace kalmar Hausa za mu ba "improvisation" a kiɗan jaz?

Assalamu alaikum jama'a. Na ga shawarwarin da kuka kawo a tattaunawarmu kan wannan tambaya, ga nawa ra'ayin. Sunan jaz ba ya bukatar fassara. Kiɗan baƙaƙen fatan Amurka ne da ya taso a New Orleans farkon ƙarni na 20, kuma da sunansa ya shiga duniya. Wadda muke nema wa suna ita ce "improvisation", domin ita ce zuciyar kiɗan. Duk wanda bai gane ta ba zai ɗauka hayaniya kawai mabusan suke yi.

Ga yadda abin yake. Makaɗa za su fara da karin waƙar da kowa ya sani, su kai shi ƙarshe sau ɗaya. A ƙarƙashin karin akwai jerin amo da fiyano da babbar garayar Turawa mai kaurin murya ("bass") suke riƙe da shi, yawanci gaɓa 32 (gaɓa ita ce ma'aunin bugun kiɗa), ko 12 idan bulus ne, wato "blues", wani salon kiɗan baƙaƙen fatan Amurka. Sai a ajiye karin, jerin amon ya ci gaba da zagayowa, mabushi ɗaya ya fito ya ɗora sabon kari nasa a kai, wanda bai rubuta ba, kuma gobe ba zai maimaita shi daidai ba. In ya gama, na kusa da shi ya karɓa.

Ku nemi "Body and Soul" da Coleman Hawkins ya ɗauka a 1939. Minti uku ne kacal. Ya ɗan taɓa asalin karin a gaɓoɓin farko, daga nan ya sake shi, ya zagaya jerin amon sau biyu da abin busarsa, saksofon, yana hawa a hankali, har can kusa da ƙarshe muryar ta yi sama kamar za ta tsage. Waƙar tana nan a ƙasa, kana jin ta, amma ba ya busa ta.

Yanzu shawarwarin da aka kawo.

Malam da ya ce "kiɗa da ka", Allah ya ƙara basira, amma ina ganin za ta juya mana magana. A wurinmu wanda ya kawo karatu da ka, hadda ya yi. Abin da aka riga aka tsara ya riƙe, ya mayar ba ragi ba ƙari. Mai jaz kuwa akasin haka yake nema.

"Shaci-faɗi" ban yarda da ita ba ko kaɗan, kuma a nan ne raina yake ɗan ɓaci. Shaci-faɗi magana ce ba tushe. Charlie Parker, shahararren mabushin saksofon, ya ce ya yi shekaru yana gwajin busa awowi masu yawa a kullum. "Ko-Ko" da ya ɗauka a 1945 a kan jerin amon waƙar "Cherokee" ya gina ta, da gudun da ko ƙafarka ba ta iya bi, kuma bai kauce wa gaɓa ba. Kiran wannan shaci-faɗi zalunci ne ga mutumin da ya sha wuya kafin ya iya.

"Ƙirƙira nan take" tana da gaskiya, ita ce ma mafi yawanku suka zaɓa. Matsalata da ita ɗaya ce: ƙirƙira tana nuna an samar da abu daga babu, ba ta nuna akwai shimfiɗar da ake tafiya a kai.

Yaya, ke da kika kawo zancen Shata, kin taɓa inda ya dace. Kowa ya san Mamman Shata da yin waƙa nan take a gaban wanda yake yi wa. Amma duba abin da yake riƙe da shi: kalangai ba su tsaya ba, 'yan amshi suna dawo da gindin waƙa, shi kuma yana jefo sababbin ɗiya a tsakani. Ba cewa nake jaz daga nan ya fito ba, hanyarsu daban. Ina nufin kunnen Bahaushe ya riga ya san wannan aikin, suna ne kawai ba mu tsayar masa ba.

Abin da nake ba da shawara: saƙar nan-take.

Masaƙi ba ya fara jefa ƙoshiya sai an yi wadari, an miƙe zaren tsaye an ɗaure. Jerin amon nan shi ne wadarin. Abin da mabushi yake jefawa a tsakani, launi da ado da inda zai matse da inda zai sassauta, wannan nasa ne, kuma a gaban jama'a yake yin sa. Kalmar ta ɗauko ƙa'ida da 'yanci a tare, ta kuma ɗauko gwaninta, don ba kowa ake kira masaƙi ba.

Tana kuma lanƙwasuwa a jimla, wanda shi ne babban gwajin sabuwar kalma. A bikin kiɗa na Newport a 1956, Paul Gonsalves, mabushin saksofon na ƙungiyar Duke Ellington, ya saƙa zagaye 27 na jerin amo a jere a kan bulus, har jama'a suka miƙe suna rawa. A faifan "Kind of Blue" na 1959, mabushi Miles Davis ya zo wa abokan kiɗansa su John Coltrane da Cannonball Adderley da Bill Evans da ɗan wadari kaɗan, ya bar musu saƙar. Ku saurari "So What" a faifan, za ku ji Miles yana saƙa da tazara, yana barin gurbi, Coltrane kuma ya shigo ya cika ko'ina.

An yi mini ƙorafi biyu. Na farko, wai za a rikita ta da saƙar zuci. Ban ga haka ba, "nan-take" ta raba su. Na biyun ya fi nauyi: ina wadari a wasan da Keith Jarrett ya yi shi kaɗai da fiyano a birnin Kolon na Jamus a Janairun 1975, inda ya hau ba tare da waƙar da aka sani ba? Tambaya ce mai kyau. Amma ku sa kunne ga hannunsa na hagu. Yakan kama ɗan amo yana maimaitawa tsawon mintuna, na dama yana yawo a kai. Shi ya yi wadarinsa da kansa a wurin, sannan ya saƙa.

'Yan Zariya, ku da mabushin jaz Ba'amurke Yusef Lateef ya zauna a cikinku yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1981 zuwa 1985, har ya yi nazarin sarewar Fulani, in akwai dattijon da ya yi aiki da shi, a tambayar mana kalmar da suke amfani da ita a lokacin. Kafin nan, a rubuce-rubucena zan riƙa sa "saƙar nan-take" ga aikin, "ya saƙa" ga aikatau, "zagaye" ga kowane dawowar jerin amo. Wadda ta rage mana ita ce "swing", wato lilon da ke cikin bugun jaz mai sa jiki rausaya, kuma wannan sai makaɗan kalangu sun sa baki.