Tsohon hoton jirgin ƙasa mai hayaƙi, ko akwai mai iya gane shekararsa?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin tarihin reluwe ku taimaka, akwai wani hoto baƙi da fari da ke cikin akwatin marigayi kakanmu, jirgin fasinja ne irin mai amfani da kwal, hayaƙi na tashi sama, taragai kamar bakwai a bayansa, mutane sun leƙo ta taga wasu da rawani. Ba rubutu a baya sam. A gida kowa da abin da yake faɗa, wasu su ce Kano ne wasu su ce Jos, ni dai shekarar nake so in sani ko da a ƙiyasce ne.

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Malam fara ƙirga ƙafafun kan jirgin tukuna. In ka ga ƙarama ɗaya a gaba, manya huɗu a tsakiya, sai ƙarama ɗaya a baya ta gefen da kake gani, to wataƙila irin waɗanda aka sa wa sunayen koguna ne, daga Ingila aka fara kawo su a 1948 kuma sun yi yawa a layin Arewa, galibi akwai farantin ƙarfe a jiki mai ɗauke da sunan. Sannan duba ko akwai rubutun NRC, wato Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, a jikin tarago, in akwai to bayan 1955 ne don a shekarar aka kafa hukumar. Maganar Jos kuma faɗin dogon za ka duba, tsohon layin Zariya zuwa Jos da aka yi saboda kuza siriri ne, ƙafa 2 da inci 6, babban layi kuwa ƙafa 3 da inci 6, kuma an rufe siririn a 1957. Jirginsa ƙarami ne sosai ba ya ɓuya, sai dai ka sani babban layi ma ya shiga Jos ta Kafanchan tun 1927 don haka wannan kaɗai ba zai yanke maka hukunci ba.

Ɗan Fagge:
Na gode sosai yallaɓai. Na ƙirga, manya huɗu ne, farantin ma yana nan amma rubutun ya dushe. To wani dogon bututu da ke tsaye gefen layi mai kamar hannu a lanƙwashe fa, na mene ne?

Baba Mai Ritaya:
Ɗana wannan famfon shayar da jirgi ne. Ku yaran yanzu kun ɗauka kwal kaɗai yake ci, ai ruwa ya fi ci, kwal ɗin wuta kawai yake yi a tafasa ruwa a tukunya, tururin ne ke tura ƙafafu. Wannan akwatin da ke manne bayan kan jirgi kwal ne a sama ruwa a ƙasa, in an iso tasha sai a juyo hannun nan a cika, shi ya sa ake daɗewa a tsaye har fasinja ya sauka ya yi alwala ya yi salla ya sayi rake ya dawo ba a tashi ba. Kwal ɗin ma daga Inugu ake jawo shi, ta gadar Makurɗi ya biyo Kafanchan ya shigo Kaduna, ka ga nisa. Da rani ruwa kan yi wuya a Arewa, yana cikin dalilan da suka sa aka fara kawo masu dizal a shekarun 1950, a hankali har masu hayaƙin suka ƙare. Kuma mutum biyu ne a gaba, direba da mai zuba kwal da shebur, shi wannan na biyun wallahi ba a ɗaukarsa hoto amma shi ke shan wahalar, gumi tun daga Zariya har Minna.

Maman Ilham:
Ni fa duk mai cewa zamanin nan ya fi daɗi hoto kawai ya gani. Hajiyarmu tana ba mu labari cewa in ka sa fararen kaya daga Kano kafin Kaduna sun koma ruwan toka, ga ɓurɓushin kwal na faɗawa ido in ka leƙa taga, ga bencin katako a ƙaramin aji. Masu ɗaukar hoton ma yawanci Turawa ne, kan jirgin suke so, mutanen ciki ko oho.

Bazazzagi:
Hajiya gaskiyarki ne amma kafin 1911 da dogo ya iso Kano a ƙafa da jaki ake zuwa Ikko fa, tokar ai da sauƙi. Ɗan Fagge kar ka kuskura ka kai hoton a liƙe shi da leda, zafin injin ɓata shi yake yi. Ka kai a yi maka sikanin mai kyau, ka zuƙo wajen farantin da ginin tasha ka turo mana, in an ga rufin da allon suna za a gane garin.