Musayar Waƙa: Tazara ko Tilas?

Manomin Tasawa:
Gonar kaka guda ce can a Tasawa,
Jikoki sun rabe ta, ba ta ciyarwa.
Rumbu kan ƙare tun ba a kai ga shuka ba,
Samari sai Agadas suke ta tafiyawa.
Ko doka za a kafa a rage haihuwa?

Malam Mai Alli:
Ɗan'uwa, bar batun doka, ka dubi Sin,
A 1980 ɗa ɗaya suka ƙayyade wa mafi yawa.
An zubar da cikin mata ba da sonsu ba,
Sai 2015 suka ga ba ta ɓullewa.
A Indiya, 1976, an kamo talakawa,
Aka yi musu aikin dole na hana haihuwa.
Duk gyaran da ya taka mutuncin ɗan Adam,
Ni ba na sa hannuna, ba na goyawa.

Baba Dattijo:
Yara, bakin da Allah ya tsaga,
Ba ya hana shi abin tauna da haɗiyewa.
Hayaƙin masana'antu da ya ɓata damina na Turai ne,
Da Amurka. Don me ɗana zai ɗau biyawa?

Inna Ungozoma:
Baba, gaskiyarka a kan hayaƙi,
Amma zo ɗakin da nake karɓar haihuwa.
Goyo a baya, ga ciki, ga kwanika,
Jini ya ƙare, idonta fari, tana rawa.
'Yar sha huɗu ta kwana uku tana naƙuda,
Ta tashi da yoyon fitsari, miji na gujewa.
Shekara biyu Alƙur'ani ya ce a shayar,
Tazarar nan nake roƙo, ba hanawa.

Ɗan Damagaram:
Inna, mu nan makarantar mazaje muka buɗe,
A inuwar bedi maza ke tattaunawa.
Mai gida da kansa ke raka matarsa awo,
Shawarar tazara su biyu ke yankewa.

Malam Mai Alli:
Bangaladash Musulmi ne kamar mu, Baba,
Da ilimin mata suka kai ga sauƙaƙawa.
Ma'aikatan lafiya gida-gida suka bi,
Daga 'ya'ya shida zuwa biyu, ba tsarewa.

Baba Dattijo:
In don lafiyar uwa ne, na yarda, Inna,
Jikata ma sai ta gama karatu za a aurar.
Amma adadin 'ya'yana ba na gwamna ba ne,
Wannan magana tsakanina da iyali za ta tsaya.