Zabura ko martanin laka? Neman Hausar rifileks

Malamar ɗaliban jinya, Asawase:
Salamu alaikum. Muna neman kalma guda ta rifileks, wato amsar gaggawa da jiki ke bayarwa da kansa in an taɓa shi ko an buga shi, wadda za a yi wa majinyatan Zangon Kumasi bayani da ita, ɗalibai kuma su rubuta. Uku ne ke yawo: zabura, motsin ba-niyya, martanin laka (lakar da ke cikin ƙashin baya). Wace za mu riƙe?

Mai fisiyo, Aboabo:
Wa alaikumus salam Malama. A cire zabura tukuna. Zabura ita ce in taya ta fashe a kasuwar Kejetia duk jiki ya ɗauka, kuma tushenta gindin ƙwaƙwalwa ne. Namu gajeriyar hanya ce. A buga 'yar guduma a agarar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, tsokar cinya ta ɗan miƙe, 'yan zaren da ke jin miƙewa a cikinta su kai saƙo laka wajen gaɓa ta 2 zuwa ta 4 ta kwankwaso, laka ta maido amsa, ƙafa ta yi harbi. Duka kimanin milisakan 20 ne (milisakan dubu ne sakan ɗaya). Ni motsin ba-niyya na zaɓa, tsohuwa ma za ta gane.

Mai koyar da ilimin aikin jiki, Ayigya:
Yaya, a nan muka rabu. Sunan zai koya wa ɗalibai cewa niyya ba ta da hannu, alhali tana da shi dumu-dumu. Akwai gwajin da ke ɗauke da sunan Paul Hoffmann, Bajamushen da ya bayyana shi a 1910. Ana sa ɗan lantarki a jijiyar bayan gwiwa, a liƙa na'urar ɗauka a sharaɓa. Amsa biyu ke fitowa: ta farko kai tsaye daga jijiya zuwa tsoka, ta biyu sai ta zaga laka, bayan milisakan 30 ko kusa. Ta biyun ake aunawa.

To a ce wa mutum ya danna ƙafa ƙasa da zarar ya ji ƙara. Yana zaman jira, a gwaje-gwaje da dama amsar nan raguwa take, kamar mahayi ya ja linzami kada doki ya riga shi. Sai kimanin milisakan 50 zuwa 100 kafin tsoka ta fara aiki, amsar ta haura, ƙafa ko motsi ba ta yi ba. In kuwa ɗaga ƙafar sama zai yi, aikin tsokar ƙwauri ke nan, amsar sharaɓa faɗuwa take tun kafin motsin, don kada kishiya ta yi gardama. Ƙwaƙwalwa na yin haka ta hanya biyu: ta ɗumama ƙwayoyin laka masu tuƙa tsoka, ta kuma matse ko ta saki bakin jijiyar da ke kawo saƙo. Abin da niyya ke juyawa haka, ya za a kira shi ba-niyya?

Mai fisiyo, Aboabo:
Na sallama. Dabarar Jendrassik ma shaida ce: in gwiwa ta ƙi harbi, a sa majinyaci ya sarƙe yatsun hannu biyu ya ja da ƙarfi, ya cije haƙori, a buga a daidai lokacin, sai ka ga ta fito. Mai shanyewar ɓarin jiki kuwa linzamin ne ya tsinke, shi ya sa harbin ke yin yawa, idon sawu har kaɗawa yake in an lanƙwasa shi da sauri.

Mai koyar da ilimin aikin jiki, Ayigya:
Masu gwajin lantarki su kula da abu biyu. A bar sakan 10 tsakanin bugu da bugu, in an jera su kusa amsar dusashewa take, a zaci shirin motsi ne ya rage ta. A kuma sa ido kan amsar farko. In girmanta ya sauya, na'urar da ke sa lantarkin ce ta goce daga kan jijiya, awon ya ɓaci.

Malamar ɗaliban jinya, Asawase:
Madalla. Martanin laka ya zauna, na gwiwa a ce harbin gwiwa, raguwa da ƙaruwar kuma jan linzami da sakin linzami. Saura jijiya, wadda muke kiran ta jini da ta saƙo da agara duk da ita. A allo zan riƙa rubuta jijiyar saƙo, kada ɗalibi ya ɗauki guduma yana laluben inda ake ɗibar jini.